Kafin a ja igiya a gona: wa ke da alhakin tsara unguwa?

Duk mai aikin tsara birane a Arewa ya san yawancin sababbin unguwanninmu ba a ofis aka zana su ba. A gona aka zana su, ranar da magada suka kira dillali da mai awo, aka ja igiya, aka kafa turaku, aka yanka gonar fuloti-fuloti. Shi ne awon igiya, kuma shi ya haifi galibin unguwannin da ke kewaye da Kano da Kaduna da Katsina da Zariya. A ranar ce ake yanke faɗin layi, da inda ruwan sama zai bi, da ko za a bar filin makaranta da maƙabarta, da ko motar kashe gobara za ta iya kaiwa ƙofar gida. Tun ran gini ran zane, duk abin da hukuma za ta yi daga baya gyaran ɓarna ne. Hujjata ita ce, mutanen da ke tsaye a wurin a wannan rana, ko suke da labarinta, wato mai unguwa da dagaci da kansila da jami'in filaye na ƙaramar hukuma, su ne ainihin masu tsara gari, amma sun ɗauki kansu shaidun ciniki kawai, mu ma mun bar su a haka.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka kafa zamanin mulkin soja na Obasanjo kuma tsarin mulkin 1999 ya ba ta kariya, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amanar jama'a. Amma ba ta bar masa aikin shi kaɗai ba. Ta raba ƙasa gida biyu. Yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni yana ƙarƙashinsa, kuma akwai kwamitin da ke ba shi shawara kan rabon fili da sake tsugunar da waɗanda aka tasa da rikicin diyya, wanda dole a samu lauya da aƙalla ƙwararru biyu kan harkar filaye a cikinsa. Abin da ke wajen birni kuwa ƙaramar hukuma ce ke kula da shi. Ita ke ba da haƙƙin mallaka na gargajiya don noma ko zama, har hekta 500 na noma da 5,000 na kiwo ba tare da neman amincewar gwamna ba, kuma dokar ta ce a kafa wa kowace ƙaramar hukuma nata kwamitin ba da shawara kan rabon fili. Akwai kuma abin da jama'a ba su cika sani ba: sashe na 36 ya hana yanka gonar da ke wajen birni fuloti-fuloti, sashe na 34 kuma ya ce filin cikin birni da ba a gina ba, ba a yanka shi sai da rubutaccen izinin gwamna. Wato a takarda, awon igiya yadda ake yin sa yau ba shi da gindin zama.

To ina wannan kwamiti na ƙaramar hukuma? Mai karatu ya gwada tambayar kansilansa sunayen 'yan kwamitin da ranar da suka yi zama na ƙarshe. Ƙananan hukumomi 774 ne a Najeriya, 44 daga ciki a Jihar Kano, kuma a wurare da dama kwamitin suna ne a takarda, ko kuma kujera ce ta sallamar 'yan siyasa. Giɓin da ya bari shi ne takardar ciniki ta cike. Mai saye ya biya kuɗi, dillali ya karɓi la'ada, shaidu su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, sai mutum ya koma gida da yaƙinin ya mallaki fili kuma yana iya zuba bulo gobe. Alhali abubuwa uku ne daban. Takardar ciniki shaida ce cewa wane ya sayar wa wane. Takardar mallaka, ta gwamna ko ta ƙaramar hukuma, ita ke nuna hukuma ta san da zamanka a filin. Izinin gini kuma shi ke cewa abin da za ka gina ya dace da wurin. Hatimin mai unguwa na farkon kawai ya shafa, kuma yawancin gidajen da ake shafa wa jan fenti masu su ba su taɓa jin bambancin nan daga bakin wani jami'i ba sai ranar da katafila ta iso.

Dokar tsara birane ta 1992 ta yi nufin a sami hukuma a matakai uku, ta tarayya da ta jiha da ta ƙaramar hukuma, kowace da sashen sa ido kan gine-gine. A 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar da gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Jihohi suka riƙe aikin ta hukumominsu, irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna, matakin ƙaramar hukuma kuwa ya zama maraya. Ba laifi ba ne jiha ta riƙe babban tsarin birni, domin titin da ya ratsa ƙananan hukumomi biyar ba zai jira yardar ciyamomi biyar ba. Matsalar ita ce nisa. Tsarin shekara ashirin da mai tsara birane Trevallion ya yi wa Kano na 1963 zuwa 1983 ne, birnin kuwa tuni ya cinye Kumbotso da Ungogo, ya doshi Gezawa da Dawakin Kudu. Babu yawan ma'aikatan da zai sa ofishi ɗaya a hedikwatar jiha ya san ranar da aka yanka wata gona a bayan gari. Dagacin wurin ya sani tun kafin a ja igiyar, domin shi aka fara gaisarwa.

Za a ce, ai da zarar gwamna ya ayyana yanki a matsayin birni, ƙaramar hukuma ba ta da ta cewa a fili. Gaskiya ne ta fuskar ba da mallaka. Sai dai jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da ban-ɗakunan jama'a, da gina layuka da magudanan ruwa da kula da su, da filayen shaƙatawa, da kwashe shara, da raɗa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar fili. Hukumar da aka ce ta samar da maƙabarta da kasuwa, ta zuba ido aka sayar da gonar ƙarshe a mazaɓa ba ta ce a ware ko taku ɗaya ba, ta yi sakaci da aikinta na tsarin mulki, ko da ba ita ke sa hannu a takardar mallaka ba. Haka batun ruwa. Kududdufan tsohon birnin Kano ramuka ne da aka haƙa don ƙasar gini, suka zama ma'ajiyar ruwan damina. Duk wanda aka cike da shara aka yanka, ruwansa ba ya ɓacewa, ɗakunan maƙwabta yake komawa, kuma ƙaramar hukumar da ta yi shiru ita ake kai wa kuka a watan Agusta.

Hujja mafi nauyi ta masu kare awon igiya ita ce ta talaka, kuma ban raina ta ba. Filayen da gwamnati ke yankawa ba su kai yawan masu buƙata ba, samunsu yakan so hanya, neman takarda kuma yana cin kuɗi da lokaci. Awon igiya shi ya ba ɗan adaidaita da malamin firamare da mai shayi muhalli, wasu ma da biya kaɗan-kaɗan. Duk wanda ya ce a hana shi baki ɗaya bai faɗi inda waɗannan mutane za su kwana ba. Don haka abin nema shi ne a gindaya masa sharuɗɗa kaɗan da kowa zai iya riƙewa: layi mai faɗin da mota biyu za su gifta kuma ya haɗu da layin gonar maƙota, hanyar ruwa da burtali a bar su yadda suke, kada a yanka ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, a kuma ware na makaranta da maƙabarta idan gonakin da ake yankawa sun yi yawa. Lissafin ba ɓoyayye ba ne. Hekta guda tana ba da fuloti 21 masu ƙafa 50 da 100 idan ba a bar komai ba, in an cire kashi ɗaya cikin huɗu don hanya da amfanin jama'a sai a sami 16. Fuloti biyar ɗin nan su ne abin da dillali ke jin ciwo. Amma gidan da mota ke isa ƙofarsa ya fi na cikin lungu daraja, kuma idan aka zo buɗe hanyar bayan shekara goma, gidajen mutane za a rushe, a biya diyya daga baitulmali, ko a ƙi biya saboda ginin ba shi da izini. Talakan da ake cewa ana tausayawa shi ke asara a ƙarshe.

Akwai masu cewa sa masu unguwanni da dagatai cikin aikin kamar ba kura ajiyar nama ne, tunda wasunsu na da kaso a cinikin, kuma tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 doka ba ta ba su ikon zartarwa ba. Ai suna ciki tuni, sai dai babu mai tambayarsu. Hatiminsu ne ke sa mai saye ya saki kuɗinsa. Idan ƙaramar hukuma da masarauta suka amince cewa ba mai buga hatimi a filin sabon awo sai ya ga zanen da jami'in filaye ya duba ya aika wa hukumar jiha, an mayar da wannan tasiri alhaki mai suna da kwanan wata. Hakimi na iya tuhumar dagacin da ya saɓa, majalisar kansiloli na iya kiran jami'in da ya sa hannu a zanen da ya toshe kwata. Uzurin rashin kuɗi ma ya ragu tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatar da shi na tafiyar hawainiya. Ɗaukar safiyo ɗaya da mai tsara gari ɗaya, da liƙa sunayen 'yan kwamitin fili da taswirar kowace mazaɓa a allon sakatariya, bai kai kuɗin gyaran kwalbati ɗaya da ambaliya ta cinye ba.

Kai mai shirin sayen fili, kafin ka ba da ko sisi ka nemi ganin zanen awon, ka tambayi wace hukuma ta duba shi, ka taka layin da ƙafarka har inda ya fita, ka kuma tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ke kwanciya da damina. In mai sayarwa ya ce hatimin mai unguwa ya wadatar, ka riƙe kuɗinka ka je sakatariya tukuna.