DARASI DON IYAYE DA MATASA: Wace Jami'a Za A Rubuta A Zaɓi Na Farko?



Kowace shekara, idan jami'o'i suka fara fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, sai ƙofar gidan Fada ta cika. Uba ya zo riƙe da takardar sakamakon ɗansa, ya ce, "Fada, a taimaka mana da wasiƙa zuwa wurin wani babba, yaron nan ya ci, amma ba a ba shi ba." Nakan karɓi takardar in duba. Sau da yawa yaron ya ci ɗin. Abin da ya kā da shi ya faru ne watanni da yawa kafin nan, ran da ya zauna gaban kwamfuta ya rubuta sunan jami'a da fannin da yake so, ba tare da ya tambayi kowa ba. A kan wannan rana ce darasinmu zai tsaya.

Arewa tana da faɗi

Mu fara da sanin abin da ke gabanmu. A zamanin iyayenmu, in an ce jami'a a Arewa, to Zariya ake nufi, domin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, ita kaɗai ce har tsawon shekara goma sha uku. A 1975 aka kafa na Jos, Maiduguri da Sakkwato, Kwalejin Bayero ta Kano da ta Ilori kuma suka cika jami'o'i a 1977. Daga baya aka sami na fasaha a Bauchi, Yola da Minna, da ta aikin gona a Makurɗi, da ta Abuja a 1988. A 2011 Gwamnatin Tarayya ta ƙara na Lafiya, Wukari, Lokoja, Kashere, Dutse da Dutsin-ma, a 2013 kuma na Gusau, Gashuwa da Birnin Kebbi. Ga kuma na jihohi, kamar ta Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, mai reshe a Kafancan.

Na jero su ne domin wani dalili. Yawancin yaranmu sunaye uku ko huɗu kaɗai suka sani, kuma a kansu kowa yake tururuwa, alhali kuwa ga waɗansu ƙofofi a buɗe da ba wanda ya waiwaya.

Yadda ake raba gurabe

Nan ne nake so a natsu, domin nan aka fi yin asara. Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, Turanci dole ne a ciki, jimlar maki kuma 400. A 2025 hukumar da shugabannin makarantu sun tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a. Amma wannan bakin ƙofa ne kawai. Kowace jami'a tana da nata maki, kowane fanni kuma yana da nasa, sa'an nan akwai tantancewar da jami'ar kanta take yi bayan JAMB. Makin da zai shigar da yaro fannin ilmin sinadarai ko aikin gona cikin sauƙi ba zai kai shi ko kusa da likitanci ko lauya ba a jami'a ɗaya.

Jami'o'in Tarayya kuma suna raba gurabe kashi uku. Kashi 45 cikin ɗari na waɗanda suka fi kowa maki ne, ko daga ina suka fito. Kashi 35 na 'yan jihohin da aka keɓe wa jami'ar ne, wato na yankinta. Kashi 20 na jihohin da aka lasafta suna baya a ilmin boko ne, akasarinsu kuwa na Arewa ne. Ma'anar wannan ita ce, ɗan Filato ko Nasarawa da ya sa Jos a gaba yana iya shiga ta ƙofa uku, amma in ya sa Ibadan ko Nsukka ya rufe wa kansa ƙofar yanki. Jami'ar jiha kuwa 'ya'yan jiharta take fara dubawa, kuma sau da yawa kuɗinsu ya fi na baƙi sauƙi.

Sai batun zaɓi na biyu, wanda yake ruɗin mutane. Fom yana ba da wurin zaɓi na biyu, gaskiya ne, amma manyan jami'o'i kan cika gurabensu da waɗanda suka sa su a farko, har su bar dubbai a waje. Wanda ya sa babbar jami'a a farko, ya sa wata babba a na biyu, kusan zaɓi ɗaya ya yi.

Akwai wata yarinya a wani faris da na yi aiki, 'yar manomi, mai ƙoƙari ƙwarai. Sau uku tana rubuta JAMB, sau uku tana sa likitanci a jami'a ɗaya, makinta kuma yana wuce 230 kowane karo. Ubanta ya riga ya gaya wa dukan ƙauye cewa 'yarsa likita ce, saboda haka ba a yarda a yi maganar wani fanni ba. Kowace shekara sai an sayar da buhun masara don fom da kuɗin mota. A karo na huɗu, bayan doguwar muhawara a zaure, aka yarda ta sa fannin gwaje-gwajen asibiti a wata jami'a kusa da gida, aka ɗauke ta nan da nan. Yau tana aiki. Amma shekara ukun nan ba su dawo ba, ƙanenta kuma ya bar makaranta a tsakani saboda rumbu ya yi ƙasa. Ban ga laifin uban da ya yi wa 'yarsa babban buri ba. Nawa laifin na gani, da na yi shiru har sau biyu don kada in ɓata masa rai.

Fanni kafin suna

Ba kowace jami'a ke da ƙarfi a kowane fanni ba. Mai son aikin gona ya san Samaru tana da tsohuwar cibiyar binciken noma, Makurɗi kuma don noman aka kafa ta. Mai son injiniya ya dubi Minna da Bauchi tare da Zariya. A fara tambayar me yaron zai karanta, sa'an nan a tambayi ina aka fi koyar da shi a inda makinsa zai kai.

Tambaya ta gaba ta fi wannan nauyi: an amince da fannin kuwa? Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ita ke tantance kowane fanni a kowace jami'a, ba jami'a a dunƙule kawai ba. Waɗansu fannoni kuma suna da masu tsaron ƙofa na biyu: majalisar likitoci ga likitanci, COREN ga injiniya, majalisar koyar da shari'a ga lauya, kowace kuma takan ƙayyade yawan ɗaliban da za a ɗauka. Yaro yana iya gama shekara biyar ya tarar ba shi da hanyar zuwa makarantar lauyoyi, ko ba a kira shi bautar ƙasa ba. Wannan gargaɗi ya shafi masu hangen ƙetare ma. A Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance digirin Binin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sayi digiri a Kwatano cikin makonni kaɗan. Masu karatun gaskiya a can su ma abin ya shafe su.

Lissafin aljihu da lissafin hanya

A takarda, jami'o'in Tarayya ba sa karɓar kuɗin koyarwa, amma akwai kuɗin rajista da sauran caji, waɗanda da yawa suka ninka a 2023. Kuɗin da ya fi cin iyaye ma ba wannan ba ne. Ɗaki ne, da abinci, da mota. Yaron da ke karatu tafiyar awa biyu daga gida, ana aika masa garin masara da manja da kuka ta hannun direba. Wanda ke tafiyar yini guda, kamar daga Jos zuwa Maiduguri ko daga Kafancan zuwa Sakkwato, komai sai da kuɗi, kuma in rashin lafiya ta zo da dare ba mai isa wurinsa. Tun 2024 akwai asusun rancen ɗalibai na NELFUND ga masu karatu a makarantun gwamnati. Yana taimakawa, amma a tuna bashi ne.

A sa yajin aiki cikin lissafi. Ƙungiyar malamai ta ASUU ta yi kusan wata tara a 2020, ta yi wata takwas a 2022. Digirin shekara huɗu ya zama na biyar ko shida ga waɗanda abin ya rutsa da su. Wannan ne ya sa waɗansu iyaye suke duban jami'o'i masu zaman kansu, har da Veritas ta Bishop-bishop ɗinmu da ke Bwari, wadda ta sami lasisi a 2007. Mai hali ya je. Amma ba na ba kowa shawara ya sayar da gona don shekarar farko alhali bai san inda ta biyu za ta fito ba.

Batun tsaro ba ya son ɓoye-ɓoye. A Afrilun 2021 an sace ɗalibai a Jami'ar Greenfield a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, aka kashe waɗansu. A Satumban 2023 an kwashe ɗalibai mata na jami'ar Gusau daga gidajen haya a wajen makaranta. Saboda haka kada a tsaya kan tambayar ko garin lafiya. A tambaya: sabon ɗalibi yana samun ɗaki a cikin makaranta, ko sai haya a bayan gari? Wace hanya ake bi, kuma da wane lokaci?

Iyaye da yawa kan tambaye ni ko ɗansu zai sami wurin yin sujada in ya tafi can cikin Arewa. Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ta bambanta daga wuri zuwa wuri. A waɗansu jami'o'i akwai majami'a a cikin makaranta da Fada mai kula da ɗalibai, a waɗansu sai an fita cikin gari ran Lahadi. Ƙungiyar ɗaliban Katolika, NFCS, tana da rassa a mafi yawansu, kuma 'ya'yanta ne za su gaya maka gaskiyar wurin fiye da kowace takarda. Ni dai ban yarda a rufe wa yaro rabin Arewa don tsoro kawai ba. Na san waɗanda suka yi karatu a Kano da Sakkwato suka dawo da bangaskiya mai ƙarfi da abokai Musulmi na ƙwarai. Amma a je da sani.

Ranar cika fom

Kafin a tafi cibiyar rajista, a zauna da littafin jagora na JAMB a duba haɗin darussa. Likitanci yana bukatar ilmin halittu, sinadarai da fiziks. Injiniya yana bukatar lissafi, fiziks da sinadarai. Lauya yana bukatar adabin Turanci. Wanda ya kuskure haɗin, makinsa ko ya kai 300 ba zai amfane shi ba. A duba kuma kiredit biyar na WAEC ko NECO, yawanci har da Turanci da lissafi, a zama ɗaya ko biyu.

In sakamako ya fito makin bai kai ba, JAMB tana ba da damar canja jami'a ko fanni da kuɗi kaɗan, kuma gara a yi shi da wuri kafin jami'o'i su rufe tantancewarsu. Akwai kuma hanyar IJMB, da NCE, da difloma, waɗanda ke shigar da mutum aji biyu kai tsaye.

Tun 2017 ta na'urar JAMB da ake kira CAPS ake ba da gurbi, kuma sai ɗalibi da kansa ya shiga ya karɓa cikin lokaci. Duk gurbin da aka ba ka ta bayan fage, wanda bai bi ta nan ba, matsala ce ke jiranka ran da za a tura sunaye bautar ƙasa. Don haka yaro ya yi rajista da lambar wayarsa ta kansa, wadda ba za ta ɓace ba, ya rubuta kalmar sirrinsa a littafi, ya ba mahaifiyarsa ta ajiye. Kada ya bar mai shagon kwamfuta ya zaɓa masa jami'a don layi ya yi tsawo, kuma ya karanta takardar da aka buga masa tun daga sama har ƙasa kafin ya tashi daga kujera.