FILIN MANOMA: Cinikin Afrilu A Ƙasar Inabi

Darasinmu na wannan mako daga Faransa ya fito, daga wani lardi da a ke kira Bodo, kudu maso yammacin ƙasar, inda kogin Garon ke gangarawa teku. Babban abin nomansu inabi ne, matse shi su ke yi su yi giya. Kowa dai ya sani giya ba abin shan Musulmi ba ce. Abin da ya kai mu can shi ne yadda manomi ke sayar da amfaninsa, gama wannan ya shafi mai gyaɗa da mai auduga da mai tumatir duka.

Ga yadda shekararsu ta ke. A kan tsinke inabi cikin Satumba da Oktoba, a matse, a bar ruwan ya tashi, sa'an nan a zuba cikin gangunan katako. Kowace ganga tana cin lita 225, watau kwalba 300. Sai a ajiye, ba za a ɗura a kwalba ba sai bayan shekara guda da wani abu.

To, amma manyan gidajen noma ba su jiran wannan lokaci. Cikin Afrilu, sa'ad da mu ke fama da zafin bazara, su kuwa sanyi ya fara sakinsu, sai su buɗe ƙofa. Attajirai da masana su kan zo daga Ingila da Amurka da Sin, a ɗiba musu daga ganga. Mutum ya kurɓa, ya juya a baki, ya tofar, ya rubuta abin da ya ji. Waɗansu su kan ba da maki bisa 100. Bayan 'yan makonni kowane gida ya yanka kuɗinsa. Mai saye ya biya, amma kayansa ba za su iso hannunsa ba sai an yi kamar shekara biyu. Tsakanin manomi da attajiri akwai dillali, la'adarsa biyu bisa ɗari.

Mai karatu zai ce, ai mu ma muna sayar da hatsi tun yana gona. Gaskiya ne, amma a lura da bambanci. Namu manomi matsuwa ke sa shi, saboda haka mai kuɗi ke yanka farashi. Na Bodo kuwa shi ke yankawa, dalili kuwa suna. A 1855 Sarki Napoleon na Uku ya sa aka jera gidajen nan don wani babban baje koli a Paris. Dillalai suka duba kuɗin da kayan kowane gida ya saba yi shekara da shekaru, suka kasa su daraja biyar, daga lamba ɗaya zuwa lamba biyar. Har yau jerin nan na nan. Babban canjin da aka yi shi ne na 1973, da aka ɗaga gidan Mouton Rothschild daga lamba biyu zuwa lamba ɗaya. Duk da haka suna ba ya hana kasuwa magana. A 2024 gidaje da yawa sai da suka rage kuɗi ƙwarai kafin masu saye su motsa.

Gidajen da ke cikin jerin jar giya 61 ne kawai, alhali manoman inabi na Bodo dubbai ne. Ƙananan nan su ne ke shan wuya. Afrilun da a ke ciniki shi ne watan da inabi ke tohuwa, in sanyi ya komo da dare raɓa ta daskare, sai tohon ya ƙone. Manoma kan kwana a gona suna kunna manyan kyandirori tsakanin kunya da kunya don su ɗumama iska. A ƙarshen Afrilu na 2017 sanyi ya faɗo, amfanin lardin ya ragu da wajen kashi 40 bisa ɗari. Har wa yau mashaya sun ragu. A wajen 1960 abin da Bafaranshe ke sha a shekara ya fi lita 100, yanzu bai kai rabin haka ba. A 2023 gwamnati ta shiga biyan manoma yuro 6,000 kowace hekta don su tumɓuke inabinsu.

Shi ya sa ƙananan manoma da yawa su ke gyara ɗaki a bakin gona, su sa tebur da kujeru, su kira shi ɗakin ɗanɗano. Baƙo ya zo, a zaga da shi gona, ya ga gangunan, ya ɗanɗana, ya sayi kwalba shida ko goma sha biyu, ya bar adireshinsa. Ribar da dillali da attajiri da mai kanti za su raba sai ta tsaya gida. Amma fa ba kyauta ba ne. Sai an gina, an ajiye mai tarbar baƙi, kuma gonar da ke nesa da hanya ba safai a ke zuwa ba.

Abin da za mu ɗauka uku ne.

Na fari, kaya su zama iri ɗaya bana da baɗi. Wanda ya zuba tsakuwa a buhun gyaɗa ya ci ribar rana guda, ya ɓata sunan ƙauyensu na shekaru.

Na biyu, a bar mai saye ya gani, ya taɓa, ya ɗanɗana. Manoman inabin ci na ƙasar Kudan a Jihar Kaduna, da masu zuma, da masu man gyaɗa, duk suna iya kafa rumfa mai tsabta a bakin hanya, su sa sunansu a jikin kaya.

Na uku, kada a dogara ga mai saye guda. A ba dillali wani kashi, a sayar da wani a gida, a rubuta duka a littafi. In kaka ta zo a duba wanne ya fi riba.