Muryar Tsohuwa a Cikin Salula

A Dumega, kamar sauran garuruwan Arewa, da an gama girbin hatsi samari kan kama hanyar Yamai, Kwatano ko Legas. A da kaset ake cikawa da gaisuwa a ba matafiyi ya kai. Yanzu saƙon murya na WhatsApp, wanda aka fara a 2013, shi ke ɗauke da "Allah ya yi maka albarka" ta uwa zuwa ga ɗanta.

Sai dai wannan murya a bakin ɓata take. Salula kan faɗa ruwa, a sace ta ranar kasuwa, ko mai gyara ya wanke ta. WhatsApp kansa yakan rufe asusun da ya yi kwana 120 ba a hau ba.

Don haka mai son adana muryar iyayensa ya kwafe ta zuwa katin memori, ya naɗe katin a leda, ya sa a akwatin da zafi da damshin damina ba sa kaiwa. Kwafi ɗaya bai isa ba: ya tura wa ɗan'uwa a Dogon Dutsi, ya kuma ajiye a Google Drive. Ya rubuta sunan mai maganar da shekarar, domin jikoki ba za su gane muryar ba.

Cibiyar CELHTO da ke Yamai ta daɗe tana naɗar tarihin baka, amma ba za ta shiga kowane gida ba. Wanda kakarsa ke raye ya nemi izininta, ya ɗauki tatsuniyarta da jerin sunayen kakanninsu tun kafin ya tafi cin ranin bana.