Gona mai hawa-hawa: abin ɗauka da abin bari

Birane suna girma, filayen noma na kewayensu suna raguwa. Inda dā ake garka a gefen Yamai, Maraɗi ko Damagaram, yau gidaje ne. Baki ya ƙaru, ƙasa ba ta ƙaru ba. Wannan matsala ta shafi duniya duka. Shi ya sa waɗansu ƙasashe suka ƙago gona a cikin ɗaki, mai hawa bisa hawa. Darasinmu na yau a kanta yake.

Yaya take aiki?

Ana gina babban ɗaki rufaffe. A ciki ana jera kantoci, wani bisa wani, har kusa da rufi. Kowace kanta tana ɗauke da shuka. Babu ƙasa. Saiwar shuka tana cikin ruwa wanda aka narka taki a ciki. Ruwan da shuka ba ta sha ba, famfo yana mayar da shi, a sake amfani da shi.

Rana ba ta shiga ɗakin. Fitilun lantarki ne ke ba ganye haske. Kwamfuta tana auna zafi, da sanyi, da yawan takin da ke cikin ruwa. A waɗansu wurare injuna ne ke dasawa, su ke ɗaukar kaya. Fara da tsutsa ba su samun ƙofa, don haka ba a bukatar fesa maganin ƙwari sosai. Rani da damina, noma ba ya tsayawa.

A ƙasar Japan, kamfanin Spread ya buɗe irin wannan gona a yankin Kyoto a shekara ta 2018. An gina ta don fitar da salati 30.000 kowace rana. A Dubai, cikin hamada, an buɗe gonar Bustanica a 2022. Masu ita sun ce tana rage ruwan ban-ruwa da kashi 95 cikin 100.

Ina matsalar take?

Matsalar ita ce haske. Manomi yana samun rana kyauta. Mai gonar ɗaki sai ya sayi haskensa. Fitilu kuma suna kawo zafi, sai ya sake biyan lantarki don sanyaya ɗakin. Ga kuɗin gini, ga na injuna.

Da lantarki ya yi tsada a Turai a 2022, kamfanin Infarm na Jamus ya sallami fiye da rabin ma'aikatansa. A Amurka, bashi ya kai kamfanin AeroFarms gaban kotu a 2023. Kamfanin Bowery ya rufe a 2024. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.

Abu na biyu: waɗannan gonaki ganye suke nomawa, kamar salati da na'ana'a, masu saurin girma, masu tsada a kasuwa. Hatsi, dawa da masara suna son haske mai yawa na watanni, kuma kuɗinsu ba zai biya wuta ba. Tuwonmu daga gona zai ci gaba da fitowa.

Me za mu ɗauka?

Dabara biyu suna da amfani gare mu: a hau sama in fili ya yi kaɗan, kuma kada ɗigon ruwa ya tafi banza. Ba dole sai da fitila ba. A Singafo, a 2012, kamfanin Sky Greens ya kafa kantoci masu tsawon mita 9 cikin ɗaki mai shigar da hasken rana. Nauyin ruwa ne ke juya su a hankali, kowace shuka ta samu rabonta na rana. A unguwar Kibera ta birnin Nairobi, a Kenya, iyalai da yawa suna noma ganyen miya cikin buhu a ƙofar ɗaki. Wannan kowa yana iya yi.

Yadda ake garkar buhu

1. A samu buhu mai ƙarfi. Kada a ɗauki wanda ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari.
2. A gauraya ƙasa mai kyau da takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa.
3. A cire gindin babban gwangwani, a tsai da shi tsakiyar buhu, a cika shi da tsakuwa. A zuba ƙasa kewaye da shi.
4. A jawo gwangwanin sama, a sake cika shi da tsakuwa, a ƙara ƙasa. Haka har buhu ya cika. Tsakuwar ita ce hanyar ruwa daga sama zuwa ƙasa.
5. A huda jikin buhu, a bar kamar taƙi guda tsakanin huda da huda.
6. A dasa alayyafo ko salati a cikin hudojin. A saman buhu a sa yakuwa, tumatir ko albasa.
7. A zuba ruwa bisa tsakuwa, safe ko maraice. Lokacin bazara a kare buhu daga ranar tsaka. A killace shi saboda awaki da kaji.

Don lafiyar iyali

Ɗanyen ganye yana da sinadarin da ke ƙara jini, da wanda ke kare ido daga dundumi. Yara ƙanana, mata masu ciki da masu shayarwa sun fi kowa bukatarsa. Amma a kula: kada a yi ban-ruwa da ruwan kwata ko na bayan gida, yana kawo zawo da tsutsar ciki. Salati da ake ci ɗanye, a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta.

Masu gonar ɗaki suna sayen haske da tsada. Mu muna da shi kullum bisa kanmu. A fara da buhu ɗaya a tsakar gida. In ya yi kyau, a ƙara na biyu, a nuna wa maƙwabta.

Tambayoyi

1. Me ya sa gonar ɗaki take da tsada?
2. Don me ba a noma hatsi a cikinta?
3. Mene ne amfanin tsakuwa a garkar buhu?