Tanadin Ruwa a Gida Kafin Mahaukaciyar Guguwa

Ya ku ƴan'uwa, darasinmu na yau ya shafi wata masifa wadda ba ta sauka a ƙasarmu, amma ta bisa kawunanmu take ratsawa tun tana jaririya, wato mahaukaciyar guguwar teku da ke afka wa tsibiran Karibiyan da gaɓar Amurka da Meziko kusan kowace shekara. Za mu duba yadda mutanen can suka koyi shirya gidajensu kafin isowarta, musamman sha'anin ajiyar ruwa, domin a nan ne aka fi yin sakaci, kuma a nan ne talaka yake da abin da zai yi da hannunsa ba tare da ya jira hukuma ba.

Asalinta da ƙarfinta

Ku sani cewa wannan guguwa ba irin wadda muke gani da bazara ba ce, mai murɗa ƙura da yayi ta wuce cikin ɗan lokaci. Ita wannan hadari ne mai faɗin ɗaruruwan kilomitoci wanda ke juyawa bisa teku mai ɗumi, kuma masana ba su ba ta wannan suna sai gudun iskarta ya kai kilomita 119 a awa ɗaya. Sun kasa ta mataki biyar, na biyar ɗin shi ne wanda iskarsa ta kai kilomita 252 ko fiye. A Tekun Atalantika lokacinta yana kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi tsanani a Agusta da Satumba, daidai lokacin da daminarmu take tsakiyarta.

Wannan dacewar lokaci tana da dalili. Zafin Sahara daga arewa da sanyin iskar teku daga kudu su ne suke haifar da wani motsi a cikin iskar da ke bi ta saman yankinmu daga gabas zuwa yamma, kowane kwana uku zuwa biyar. Shi ne yake tafe da hadarin da muke gani ya taso daga gabas ya zubo mana ruwa. Idan ya ƙetare Senegal ya faɗa teku wajen tsibiran Kap Ber, galibi sai ya watse, amma wani lokaci yakan sami ruwa mai ɗumi ya yi ta ƙaruwa har ya zama dodo. Mafi yawan manyan guguwoyin Atalantika ta haka suka faro. Wadda aka sa wa suna Mariya, da ta ragargaza tsibirin Puwarto Riko ran 20 ga Satumba 2017, kwana takwas kafin nan ta bar gaɓar Afirka ta Yamma tana hadari kamar kowane hadari.

Me ya sa ruwa?

Mai sauraro zai iya cewa: masifar da ta zo da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ta yaya za a rasa ruwa a cikinta? To, ai nan ne abin yake. Famfon birni da wutar lantarki yake aiki. Idan iska ta kayar da turakun wuta, injinan da ke tura ruwa sai su tsaya. Ambaliya kuma tana fasa bututu, ta cika rijiyoyi, ta gauraya ruwan sha da na masai da man fetur da mushen dabbobi. Sai mutum ya wayi gari ruwa har gwiwa a ɗakinsa alhali ba shi da kurɓi ɗaya da zai ba yaronsa.

A Puwarto Riko tsibirin gaba ɗaya ya rasa wuta, wasu wurare ba ta komo ba sai bayan wata goma sha ɗaya. Mutane suka koma ɗibar ruwa a ƙoramu, ciwon da fitsarin ɓera ke yaɗawa cikin ruwa ya kama wasu. Daga baya hukuma ta amince da cewa mutum 2,975 ne suka rasu, kuma akasarinsu ba ranar guguwar suka rasu ba, a makonni da watannin da suka biyo baya ne, saboda rashin wuta da ruwa da magani. A Haiti, bayan guguwar Matiyu ta Oktoba 2016, kwalara ta sake tashi a kudancin ƙasar. Haka ta faru a birnin Beira na Mozambik bayan guguwar Idai ta Maris 2019, inda dubban mutane suka kamu. Kada kuma a ce wannan matsalar matalautan ƙasashe ce: garin Ashbil da ke Karolina ta Arewa a Amurka, wanda ke cikin duwatsu nesa ƙwarai da teku, ya yi kwana 53 ba ruwan famfo da za a sha kai tsaye bayan guguwar Helin ta Satumba 2024.

Nawa ake ajiyewa

Ƙa'idar da hukumomin agajin gaggawa da na lafiya na Amurka suke koya wa jama'arsu ita ce galan ɗaya ga kowane mutum a kowace rana, wato kusan lita 4, na aƙalla kwana uku, wanda ya sami hali kuma ya tanadi na mako biyu. Rabinsa na sha ne, sauran na girki da ɗan wanke hannu da baki.

Mu yi lissafi da gida mai mutum goma. Lita 4 sau goma sau kwana uku, lita 120 ke nan, wato kusan bidon biyar masu cin lita 25. Na mako biyu kuwa lita 560, kusan tanno uku masu cin lita 200. Wanda ya yi wannan lissafi sau ɗaya zai gane cewa abin da ya saba gani a randar gidansa ba ya kai su kwana biyu.

A ganinmu ma wannan adadi na tsira da rai ne kawai. Mai ciki da mai shayarwa da majinyaci suna bukatar ƙari, wurin zafi kuma bukatar tana iya ninkawa. Ƙungiyoyin agaji na duniya, idan suka kafa sansanin waɗanda masifa ta kora, lita 15 suke nema wa kowane mutum a rana. Mai dabbobi kuma ya sa su cikin lissafi tun farko, don kada ranar ta zo ya tsaya zaɓi tsakanin akuyarsa da iyalinsa.

Shi ya sa mutanen can suke raba ruwa gida biyu. Na sha yana cikin mazubi mai murfi, ba a taɓa shi don wani abu. Na wanke-wanke da kewaye kuwa, da zarar an yi shelar guguwa sai su cika kwamin wanka da bokitai da duk abin da zai riƙe ruwa. Wasu kuma sukan daskarar da kwalaben ruwa a firji, idan wuta ta ɗauke su riƙe sanyin abinci, in sun narke a sha.

Mazubi da tsabtarsa

Ruwa mai kyau a mazubi marar kyau ɓarna ce. Kada a zuba ruwan sha a abin da ya taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ko maganin ƙwari, ko da an wanke shi sau goma, domin roba tana shan abin da aka zuba mata ta riƙa sakinsa sannu a hankali. Haka nan robar da ta ɗauki madara, saboda maiƙonta ba ya fita sarai kuma ƙwayoyin cuta suna samun abinci a cikinsa. Kwalba kuwa tana fashewa.

Ga yadda ake shirya mazubin: a wanke shi da sabulu a ɗauraye. Sa'an nan a zuba ƙaramin cokali ɗaya na ruwan jabel marar turare cikin lita ɗaya ta ruwa, a juye a ciki, a rufe, a girgiza har ya taɓa ko'ina, a jira rabin minti, a zubar, a bar shi ya bushe. A cika shi da ruwa mai tsabta, a rufe ƙam, a rubuta kwanan wata a jikinsa, a ajiye a inuwa nesa da man fetur, kuma a bisa wani abu mai tudu inda ambaliya ba za ta kai ba. Bayan wata shida a yi amfani da shi a sake sabo.

Abin da aka fi mantawa shi ne bakin mazubin. Mai ƙaramin baki ya fi, wanda ake tsiyayawa. Randa mai faɗin baki, wadda kowa ke tsoma moɗa da hannunsa, yaro ya ajiye moɗar a ƙasa wani ya ɗauka ya mayar, tana iya ɓata ruwan da aka wahala wajen tsabtacewa cikin yini guda. In ba makawa sai ita, to a ware mata moɗa mai dogon mariƙi, a rataye ta, kuma kada a sha da ita.

Idan ajiyar ta ƙare

Tafasawa ita ce gaba da kome. In ruwan yana da gurɓi a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta, a ɗora a wuta har ya tafasa sosai yana ɓulɓula na tsawon minti ɗaya. In babu itace ko gas sai jabel: wanda ƙarfinsa ya kai kashi 5 zuwa 9 cikin ɗari, ɗigo biyu a lita ɗaya, a ninka idan ruwan bai yi garau ba, a motsa, a jira minti 30. A lura cewa jabel yana da ƙarfi iri-iri, wanda ake sayarwa a kasuwanni da yawa bai kai wancan ba, saboda haka a duba abin da aka rubuta a jikin kwalbar, ko a nemi ƙwayoyin tsabtace ruwa irin su Aquatabs a bi umurnin da ke takardarsu. Akwai kuma hanyar rana: ruwa mai garau a cikin farar robar lemo, a shimfiɗa ta a rana mai ƙarfi awa shida, in akwai gajimare kwana biyu.

Duk waɗannan ƙwayoyin cuta suke kashewa. Ruwan da fetur ko guba ya shiga, ko an tafasa shi ko an sa masa jabel, bai shayuwa.

A nan akwai mas'alar da ta shafe mu. Hukuncin ruwan tsarki ana duba launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa, amma ƙwayar kwalara ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun, saboda haka ruwa yana iya halatta ga alwala kuma ya kwantar da mai shansa. Sa'an nan malamanmu sun bayyana cewa wanda ke tsoron ƙishirwa ga kansa ko ga wanda ke tare da shi idan ya yi alwala da ɗan ruwan da ya rage, taimama ta halatta gare shi. Ko da ruwan yana nan, an ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu ɗaya na ma'aunin zamaninsa, abin da bai kai lita ɗaya ba, kuma wanda ya saba da haka tun cikin yalwa ba zai sha wuya ranar ƙunci ba.

In gudawa ta kama wani, musamman yaro, a gaggauta ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har a kai shi likita.

Sauran shiri

Cibiyar lura da guguwa da ke Mayami tana ba da faɗakarwa ta farko awa 48 kafin iskar ta iso, ta biyu kuma awa 36. Cikin wannan taƙi ake toshe tagogi da katako, a shigar da duk abin da iska za ta iya ɗauka, a tanadi abincin da ba ya bukatar wuta, da tocila, da rediyo mai batir, da maganin masu ciwon suga da hawan jini, da kuɗi a hannu tun da na'urorin banki ba su aiki in ba wuta, a naɗe takardun gida cikin leda. Wanda aka ce ya tashi ya tashi, domin binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa kusan tara cikin goma na waɗanda guguwa ta kashe kai tsaye ruwa ne ya ci su. A 2005, lokacin Katirina, kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin Niyu Oliyans ya nutse bayan da madatsun da ke kare shi suka fashe. Janareto kuma a waje ake kunna shi, nesa da ƙofa da taga, don hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci. Kuma idan iska ta tsaya cak a tsakiyar guguwa kada a fita: idonta ne ke wucewa, za ta komo ta ɗaya gefen da ƙarfinta.

Mu ba mu da teku, amma abin da ambaliya ke yi wa ruwan sha iri ɗaya ne a ko'ina. Mun ga kogi ya fasa madatsa a Yamai a 2020, mun ga kwalara a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2021, mun ga daminar 2024 wadda ta ci rayuka sama da 300 a faɗin ƙasa, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe. Rijiyar da ruwan ambaliya ya faɗa cikinta ba a shanta don kawai ta kwanta ta yi garau. Sai an yashe ta, ma'aikatan lafiya sun sa mata magani, kuma kafin nan duk abin da aka ɗebo daga cikinta a tafasa shi.