Darasi: Mai Arziki da Biyan Haraji

Karatu: Luka 12:48, Romawa 13:6-7

'Yan'uwa cikin Almasihu, a shekarar 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar haraji. An ɗauke wa mai samun Naira 800,000 ko ƙasa da haka a shekara, amma abin da ya haura miliyan 50 ana cire masa kashi 25 cikin ɗari. Harajin mazaunin Gombe asusun jiha yake shiga, inda ake ɗiba a biya malamai, a sayi magani.

Ubangijinmu ya koyar cewa nauyin mutum yana bin yawan abin da aka danƙa masa. Attajirin da ya ɓoye ribarsa, gwauruwa da maraya ya tauye. Mu biya cikin gaskiya, mu kuma tambayi masu mulki inda kuɗin ya tafi.

Tambaya: Shin zakar ikkilisiya tana ɗauke mana haraji?