Haƙar Man Fetur da Dabbobi: Darasi Daga Tekun Ƙanƙara da Hamadar Termit

Ɗalibin da ya tashi a Daddara, a kan hanyar Katsina zuwa Jibiya, ba sai an gaya masa darajar man fetur ba. Tun yana ƙarami yake ganin tankoki da jarkokin 'yan bumburutu a kan wannan hanya da ta zarce Magama ta nufi Maraɗi. A Nuwamban 2019, da hukumar kwastan ta Nijeriya ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen yankin sun ji abin a jikinsu. To, amma fetur ba a jarka ake haifarsa ba. Daga ƙarƙashin ƙasa ko ƙarƙashin teku ake zaƙulo shi, kuma kusan duk inda aka je haƙarsa akan tarar da wasu halittu sun riga kowa zama a wurin. Tambayar wannan darasi ita ce: idan injin haƙa da dabba suka haɗu a wuri guda, wa doka ke cewa ya matsa?

Rijiyoyin mai na Jamhuriyar Nijar suna Agadem, cikin hamadar gabashin ƙasar, kuma za a zo kansu. Sai dai ya fi kyau a fara da inda aka daɗe ana kokawa da wannan tambaya, wato arewacin Alaska ta ƙasar Amurka, a gaɓar Tekun Atik wanda ƙanƙara ke rufewa mafi yawan shekara.

Dabbar da ke gani da kunne

Bahaushe ya san ayu, dabbar nan ta kogin Kwara da Binuwai wadda take zaune a ruwa amma ba kifi ba ce: da huhu take numfashi, haihuwa take yi, kuma tana shayar da ɗanta nono. A teku akwai dabbobi masu shayarwa irin wannan da yawa, mafi girmansu shi ne wel. Nau'in da ya shafi wannan darasi ana kiransa bohed, saboda ƙashin haɓarsa na sama ya tanƙware kamar baka. Tsawonsa yakan kai mita 18, yana iya wuce shekara 200 a duniya, kuma duk rayuwarsa a ruwan sanyi yake yin ta. Da bazara yakan tashi daga Tekun Berin ya bi tsagar ƙanƙara zuwa gabashin Tekun Bofot, da kaka kuma ya komo ta gaɓar Alaska. Wannan hanyar komowa ita ce ta ratsa ta inda man yake.

Da an ambaci illar mai ga teku, abin da kan fara zuwa zuciya shi ne malalarsa. Gaskiya ne tana kisa. A Maris na 1989 jirgin Exxon Valdez ya yi karo da dutse a kudancin Alaska, kimanin lita miliyan 41 ta ɗanyen mai ta zube, dabbobi da tsuntsaye dubbai suka mutu. Amma malala hatsari ce ta wata rana. Ƙara kuwa ta kullum ce, ko da aikin yana tafiya lafiya ƙalau.

Dalili shi ne haske ba ya nisa a cikin ruwa, sauti kuwa yana yi. A iska sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya, a ruwan teku kimanin mita 1,500, kuma ba ya saurin dusashewa. Yaron da ya taɓa nutso a madatsar ruwa ta Jibiya, abokinsa ya gwara duwatsu biyu a cikin ruwan, ya san yadda ƙarar ke shiga kai kamar a bakin kunne aka buga. Saboda haka wel da kunne yake gane hanya a ƙarƙashin ƙanƙara, da murya kuma yake kiran ɗan'uwansa. Su kuwa masu neman mai, kafin su haƙa, sukan ja wasu bindigogin iska a bayan jirgi. Kowace daƙiƙa 10 zuwa 20 bindigogin kan saki matsattsiyar iska da ƙara mai tsanani, ƙarar ta ratsa duwatsun ƙasan teku ta dawo, na'ura ta zana taswirar abin da ke ƙasa. Haka za a yi ta yi dare da rana, makonni. Binciken da aka yi a Tekun Bofot daga 1996 zuwa 1998 ya nuna cewa bohed mai ƙaura yana kauce wa irin wannan jirgi da tazarar kusan kilomita 20. Ba a kashe shi ba, ba a ji masa ciwo ba, amma an kore shi daga hanyarsa.

Dokar da ke ƙirga ɓarna

A 1972 Amurka ta kafa dokar kare dabbobin teku masu shayarwa. Hikimarta tana cikin yadda ta fassara laifi. Ba kisa da kamu kaɗai ta hana ba, har da takura wa dabba. Gyaran da aka yi mata a 1994 ya raba takurawar gida biyu: wadda ka iya jawo rauni, kamar kurumta, da wadda ke sauya ɗabi'ar dabba, kamar hana ta kiwo, shayarwa ko ƙaura. Ke nan kamfanin da ƙararsa ta karkatar da wel daga hanya ya taka doka, ko da bai taɓa ganin dabbar da ido ba.

Da an tsaya a nan, da babu mai iya haƙar mai a wurin. Don haka tun 1981 aka buɗe wata ƙofa: kamfani yana iya neman izinin takurawar da ba da gangan ba, na shekara ɗaya ko ƙa'idoji na shekara biyar. Kafin a ba shi, sai hukuma ta gamsu cewa dabbobin da abin zai shafa kaɗan ne, cewa illar ba za ta taɓa yawan nau'in ba, kuma cewa ba za a hana 'yan asalin wurin samun abin farautarsu ba. Lissafin kuwa ɗalibin aji huɗu na sakandare zai iya bin sa. An daɗe ana ɗaukar ma'aunin ƙara desibel 160 a matsayin inda ƙara mai bugu-bugu ke fara damun dabba, desibel 120 kuma ga ƙara mai ɗorewa irin ta injin haƙa. (A kula, desibel na ruwa da na iska ba ma'auni ɗaya ba ne, kada a gwada su kai tsaye.) Sai a auna faɗin ruwan da ƙarar ta kai wannan mataki, a ninka da yawan dabbobin da ake sa ran samu a kowace murabba'in kilomita. Abin da ya fito shi ne adadin da za a rubuta a takardar izini. A kan jirgin kuma sai an ajiye masu sa ido, a fara harba bindigogin a hankali don dabba ta samu ta gusa, a kashe su ɗungurungum idan ta matso kusa.

Tsarin yana da ramuka, kuma manya ne. Mai sa ido ba ya gani cikin hazo ko duhun dare, alhali dabbar ma mafi yawan lokaci tana ƙarƙashin ruwa. Kalmar “kaɗan” ta sha kai mutane kotu, domin dokar ba ta faɗi lamba ba. Kuma izinin kowane kamfani daban ake lissafa shi, shi kuwa wel duk ƙarar a kunne ɗaya yake jin ta.

Abin da ya fi toshe waɗannan ramuka shi ne mafarauta. Mutanen Inufiyat sun shekara aru-aru suna cin naman bohed. A 1977 hukumar kula da farautar wel ta duniya ta hana su, bisa ƙiyasin masana cewa waɗanda suka rage ba su wuce 2,000 ba. Mafarautan suka ce ƙirgar ba daidai ba ce: masana suna tsaye a bakin ƙanƙara suna ƙirga wanda ya ɓullo, alhali da yawa suna wucewa ta ƙarƙashinta ko ta can nesa. A shekarar suka kafa hukumarsu ta kansu. Da aka zura na'urorin sauraro a cikin ruwa, sai maganarsu ta tabbata. Ƙirgar 2011 ta ba da fiye da 16,000. Tun tsakiyar shekarun 1980 wannan hukuma take zama da kamfanonin mai ana ƙulla yarjejeniyar kauce wa rikici, wadda a cikinta jiragen kamfani kan dakata a wuraren farauta daga ƙarshen Agusta har sai ƙauyuka irin su Kaktobik da Nuwiksut sun gama. Haka nan da kamfanin BP ya gina tsibirin tsakuwa na Northstar, kimanin kilomita 10 daga gaɓa, ya fara fitar da mai a 2001, sai da aka ɗora masa nauyin sauraron teku shekara da shekaru. Sauraron ya nuna cewa wel yana ɗan gusawa nesa da gaɓa idan ƙara ta yi yawa, kuma kai-komon jirage yana cikin manyan masu jawo ta.

Agadem da Termit

A dawo gida. A 2008 Nijar ta ba kamfanin CNPC na ƙasar Sin filin Agadem, a 2011 kuma aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana. A maƙwabtaka da rijiyoyin akwai duwatsun Termit da rairayin Tin Tumma, ɗaya daga cikin wurare na ƙarshe da ake samun wata babbar barewar hamada da masana ke kira adaks. Fara ce, ƙahonta a murɗe, tana iya daɗewa ƙwarai ba ta sha ruwa ba, domin daga ciyawa take samun danshi. A Maris na 2012 gwamnati ta mayar da yankin gandun dabbobi mai faɗin murabba'in kilomita kusan 97,000, ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka.

Kafin aikin mai ya kankama ana ƙiyasin adaks kusan 200 ne a wurin. A Maris na 2016 masu bincike suka kewaya ta sama da ta ƙasa, suka ga guda 3. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ɗora alhakin a kan hayaniyar aikin mai da kuma farautar da sojojin da ke gadin aikin ke yi, ga kuma makaman da suka bazu bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011. A Yunin 2019, maimakon a taƙaita aikin, sai aka ja iyakar gandun, aka fitar da kusan rabinsa, har da inda adaks ɗin ke kiwo. Bayan koke-koke, a 2021 aka sake gyara iyakar aka mayar da wani sashe. A 2024 kuma ɗanyen man Agadem ya fara isa gaɓar tekun Benin ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000.

Ba za a ce Nijar ba ta da hujja ba. Ƙasa mai bukatar makarantu da asibitoci ba za ta kau da kai daga arzikin da ke ƙarƙashinta ba. Bambancin yana cikin ginin dokar. Kariyar adaks a jikin fili aka ɗaura ta, fili kuwa da alƙalami ake rage shi a rana ɗaya. Kariyar bohed a jikin dabbar take, duk inda ya shiga tana biye da shi, kuma akwai mutanen da abincinsu ya dogara a kansa waɗanda doka ta ba bakin magana.

A Nijeriya ayu yana cikin dabbobin da Doka ta 11 ta 1985 ta hana farautarsu da cinikinsu, sai dai dokar a kan kamu da sayarwa ta fi ƙarfi, ba a kan damun dabba a mazauninta ba. A Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da aikin mai na Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe, a kwarin kogin Gongola, wanda ke zuba cikin Binuwai a Numan. Doka ta 86 ta 1992 ta wajabta wa irin wannan aiki ya yi nazarin illarsa ga muhalli kafin ya fara, ta kuma ce a baje rahoton a fili don jama'a su karanta su yi sharhi.